Ƙasar Fadamar Kawu Isa da Ta Tafi Faransa

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki alƙalami. Sau uku ina farawa ina kekketa takardar, don karatuna bai wuce lakwal, wato makarantar boko, ta Damagaram ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da ba haka ya faru ba. Amma akwai alkawari a wuyana, sai na ba da labarin tafiyar za a gane shi.

Rana ta farko: Matameye zuwa Icirnawa

A lokacin Faransawa ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba. Kumandan ya haɗa ni da wani Nasara mai binciken fadamu in yi masa tafinta. Ba soja ba ne. Aikinsa ya san inda ruwan fadama yake fitowa, inda yake tafiya, da irin ƙasar da ke riƙe shi. Mutane sun sa masa suna Mai Taɓo.

Mun tashi ƙarfe biyar da kwata a agogonsa, bayan na yi Asuba. Mu biyu a kan dawaki, Gambo mai jakai yana biye da akwatuna, ƴan buhunan zuba ƙasa, da wani dogon ƙarfe na huda ƙasa. Kafin mu kai wurin gardi a bakin gari na laluba takardar izinin tafiya da kumandan ya ba mu a aljihuna ya fi sau biyar.

Gambo ya ce, "Tafinta, ka bar ta ta huta mana, ba ƙwai ba ce da za ta ƙyanƙyashe."

Ƙarfe goma sha ɗaya muka sauka a wata fadama kusa da Icirnawa. Kai, jama'a! Bado ya rufe ruwa, tsuntsayen kirinjijiya suka tashi kamar hadari, ga gauraka biyu a bakin ciyawar kacala. Mai Taɓo ya tuɓe takalma ya faɗa har gwiwa yana dariya. Ya murɗa ƙarfensa ya zaro ƙasa hawa-hawa: baƙa a sama, toka-toka a tsakiya, farin yashi mai jiƙa a ƙasa. Ya ce mini wannan yashin shi ne hanyar ruwa, yana tafiya a ƙarƙashin ƙafafunmu daga tudu zuwa kwari ko da rani. Ni da aka haifa a nan ban taɓa sanin muna tafiya bisa kogi ba! Na manta da tsoron matsattsaku na bi shi. Muka kwana a zauren mai gari, aka kawo tuwon gero da miyar kuka.

Rana ta biyu: Icirnawa zuwa Yauri

Tun ƙarfe shida muke kan hanya, ba mu shiga Yauri ba sai bayan La'asar. Nan ne garin Kawu Isa, ƙanen mahaifiyata. Na san rakensa yana ƙonewa shekara biyu a jere, kanwa ta yi wa fadamarsa farin ɓawo. Duk hanya murna nake, ga ni zan kawo masa mai magani.

Ashe labari ya riga mu, wai Nasara yana bi gona-gona yana ɗibar ƙasa a buhu. Kowa kuwa ya san abin da ake yi da ƙasar gonar mutum in an ɗiba a ɓoye: sammu. Kawu ya karɓe mu da fura, amma bai dubi idona ba.

Rana ta uku: a fadamar

Ƙarfe bakwai muka tarar da Kawu tsaye a kunyar rake da magidanta wajen goma.

Ya ce, "Ɗan nan, abin da lakwal ta koya maka ke nan? Ka kawo baƙo ya ɗebe mini albarkar da ta rage?"

In na fassara yadda ya faɗa, maganar za ta iya kai wa kumandan, in na ɓoye kuma na ci amana. Ina cikin inda-inda sai Mai Taɓo ya durƙusa, ya ɓantari farin ɓawon ya sa a harshe. Ya tofar, ya yatsine fuska. Ya matsa gabas taku talatin, ya lakaci baƙar laka, ya murza ta a haƙori, ya gyaɗa kai.

Gambo ya ce, "To, yau ga mai sammu yana fara cin abinsa!"

Kawu ya taka a hankali, ya lakaci lakar nan daidai inda Nasaran ya lakata, ya ɗanɗana. Haka ubansa ya koya masa gane ƙasar rake. Ya dubi Mai Taɓo, sannan ya ce mini, "Ashe manomi ne. Tambaye shi, me ya ji?"

Daga nan fa ban huta ba har Azahar, wannan ya faɗa in juya, wancan ya faɗa in juya. Suka huda ƙasa wuri shida. Mai Taɓo ya nuna masa cewa a yamma ruwa kwanciya yake, rana ta shanye shi ta bar kanwa, a gabas kuwa yana gudana a cikin yashi, mai daɗi. Ya ce a mai da rake gabas, a kuma yanka ƴar magudana. Kawu ya yarda a ɗebi buhu uku, amma da sharaɗi: in an gama dubawa a dawo masa da ƙasarsa. Mai Taɓo ya ce to. Kawu ya ce bai san shi ba, ni ya sani. Na ɗora hannu a ƙirji na ɗauki alkawari.

Rana ta huɗu: gida

Muka bar Yauri ƙarfe shida, muka bi hanyar yanke, muka shiga Matameye ana kiran Azahar, lafiya lau. Na gode wa Allah, na gode wa Gambo da duk waɗanda suka sauke mu.

Mai Taɓo ya koma ƙasarsu da buhunan, ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Rake ya yi kyau a gabas, kowace shekara Kawu yana aiko mini da dami. Yanzu ya tsufa ƙwarai, amma duk zuwan da na yi, bayan gaisuwa sai ya ce, "Ɗan nan, ina ƙasata?" Da dariya yake faɗa. Ni ba na iya dariyar.

Saboda haka nake roƙon masu karatu, musamman waɗanda suka yi soja ko aiki a Faransa: ina ake ajiye ƙasar da masu bincike suke kai wa can, kuma wa ake rubuta wa? Buhunan ƙanana ne, na farin zane, an ɗaure bakinsu da jan zare. A jikin kowanne an rubuta Yauri, da hannuna.