Na Juya Kudu

Shekarar da na gama jami'a, na dawo gida da takardar shaida da kuma wani ciwo da ba shi da suna a ƙauyenmu. Da na tsaya gaban mutane sai ƙirjina ya ɗaure, tafin hannuna ya jiƙe. Ba zan ce na san musabbabinsa ba.

Wata ma'aikaciyar jinya a asibitin makaranta ce ta koya mini yoga: yadda zan ja numfashi in sake shi a hankali, in miƙe gaɓoɓi, in zauna shiru tunani ya zo ya wuce ban bi shi da gudu ba. Ta ce abin bai tsaya ga jiki ba, har da cin abinci da barci da haɗiye fushi. Sai da na yi bincike iya ƙarfina kafin na karɓa. Kalmomin da ake rerawa na ajiye su, haɗa tafukan hannu a ƙirji ma na bari. Abin da ya rage, a iya fahimtata, numfashi ne da natsuwa.

Baffana, ƙanin mahaifina, shi ke riƙe da Islamiyyar ƙauyenmu, nan kusa da Ɗambatta. Ya ba ni aji ɗaya in koyar da lissafi. Idan na yi yoga da safe, ina iya tsayawa gaban allo har a tashi. Idan ban yi ba, ko darasi ɗaya ba na iya kaiwa ƙarshe.

Bayan sallar asuba nakan shimfiɗa tabarma a bayan rumbu, bakin gonar dawa. Sai wani abu ya dame ni. Akwai sunkuyon da ya yi kama da ruku'u, akwai wanda goshi ke taɓa ƙasa. Na ji tsoron idan na kalli gabas zai zama kamar na ƙirƙiro wata salla. Don haka na juya kudu. A ganina taka-tsantsan ne.

Amma a wajenmu gona manne take da gida, gida manne da gona, babu lungun da ido ba ya kaiwa. Wata Laraba Baffa ya aiko kirana. Na same shi a zaure da dattawa biyu.

"Ɗan nan," ya ce, "a jami'a alƙibla kudu ta koma?"

"Baffa, ai ba salla nake yi ba."

"To me goshinka ke nema a ƙasa? Allura ka yar?"

Dattawan suka yi dariya. Na ce wataƙila ba a fahimce ni ba, don kada a ce salla ce na juya.

"Da gabas ka kalla," in ji Baffa, "da mun ce yaron nan nafila yake, Allah ya ƙara masa. Yanzu iyayen yara tambayata suke wa malaminsu yake wa sujada. Ka zaɓa kafin Asabar: ko ka bar abin nan, ko ka bar ajin."

Alhamis da Juma'a na bari, don in gwada. Ranar Juma'a a cikin sahu hankalina ya gudu, har aka sallame ban san me liman ya karanta ba. Na fito ƙirjina kamar an ɗora masa turmi. A nan na gane cewa in na bari, ajin ma ba zan iya riƙe shi ba.

Da la'asar na koma zauren, na durƙusa, na gaishe shi.

"Baffa, ba zan bari ba."

Ya ajiye carbinsa. Ina jin bai taɓa jin na yi magana babu "wataƙila" a cikinta ba.

"Tun da na fara abin nan ban ƙara mance raka'ar da nake ba. Ban ƙara ɗaga wa Inna murya ba, ku tambaye ta. Ku zo gobe ku da liman ku gani da idonku. In kun sami shirka ko ta ƙwayar gero, na bari har abada. In ba ku samu ba, ba zan bari don surutun mutane ba."

"Boko ya ba ka baki," ya ce.

"Allah ya huci zuciyar Baffa. Amma ku zo."

Bai zo ba. Ranar Asabar wani malami ya karɓi ajina, ina jiyo yaran daga gida suna maimaita jadawalin bakwai da na bar su a kai. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Mai yiwuwa akwai lafazi mai laushi da ya fi wanda na yi, na sha juya wannan a raina.

Ranar Lahadi na ɗauke tabarmar daga bayan rumbu, na shimfiɗa ta a ƙofar gida, bakin hanyar da kowa ke bi zuwa gona. Mutum na farko da ya biyo ya rage tafiya, fartanya a kafaɗa, yana kallona. Sai da na gama sakin numfashina, sannan na ce masa ina kwana.