Sista Hajo da Soson da Ke Kumbura

Kafin hantsi Sista Hajo ta bar Dukawuya, ta shiga ɗakin tiyata, ta wanke hannu har gwiwa, ta jera kayanta. Shekara talatin tana haka, sai watan nan ta ajiye aiki. In ana aikin ƙashin baya, ita ke miƙa wa likita abin tsai da jini: kakin da take murzawa har ya yi laushi a shafe bakin ƙashi, da wani farin soso da ake ɗorawa inda jini ke tsattsafowa.

Mutanenmu suna cewa wanda aka taɓa wa gadon baya ya gama tafiya da ƙafarsa. Na sha tambayar wa ya bincika, har yau shiru.

Bara, watan da soja suka koma bariki, aka kawo Malam Maharazu, tela a Jakara, za a yi masa aikin gadon baya. Kekensa na ƙafa ne. In ƙafar ta mutu, tukunyar gidansa ta mutu. Lauratu mai ba da maganin barci tana wurin, ita ta ba ni labari. Jini ya yi gardama, Dokta Saminu, sabon dawowa daga karatu, ya cusa soso da yawa. Jini ya tsaya, likita ya ce a rufe.

Hajo ta ce, "Likita, ka taɓa jiƙa garin kwaki ka tafi alwala?"

"Haba Sista, yanzu lokacin gari ne?"

"Shi ne lokacinsa. Soson nan halinsu ɗaya, ya sha jini sai ya tashi. Lakar gadon baya ce fa a ƙarƙashinsa. Ya danne ta, Malam ya bar taka keke."

Likita ya yi dariya. "Baba, kin kama ni. Miƙo ruwan gishiri."

Ya zare abin da ya yi yawa a hankali. Jini bai dawo ba. Sallar da ta wuce, rabin kaftanin unguwarsu Malam Maharazu ne ya ɗinka.

Hajo, ke ce mai tsai da jini da bakin da ba ya rawa. Dangi sun yi ta gode wa likita, kina can kina wanke almakashi. To, yau mun zo da taki godiyar. Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu da lafiya.

Ku kuma 'yan matan da kuka gaje ta, ku san kayan aikinku kamar yadda ta san nata. In kun ga abin da likita bai gani ba, ku faɗa kafin a ɗinke.