Kawajan da Baba Ya Bari Ba Sallama

A shekarar da idon Baba ya fara mutuwa ne ya sa ni aikin neman wani ɗan Armeniya. Muna zaune a unguwar Al-Ranuna ta Madina a lokacin, ni da shi da 'ya'yana biyu, tun bayan rasuwar mijina. Baba maƙerin zinari ne. A Khartum ya koyi sana'ar, a shagon wannan mutumin da bai taɓa kiransa da komai ba sai Kawaja, kamar yadda 'yan Sudan ke kiran farar fata.

Labarin kuwa na haddace shi tun ina yarinya. Kawaja ya ɗauke shi ba ya ko iya riƙe awartaki, ya koya masa narka da zubi da jan waya, har ya zama shi ne hannun damansa. Sai Kawaja ya ƙone a hannu, ga aikin ƙera kayan amarya an ba su, biki saura kwanaki. A makon ne ayarin aikin hajji ya tashi. Baba ya san in ya nemi izini za a ce ya dakata, don haka ya bi ayarin ba sallama. Ya zo, ya zauna a Madina, bai sake komawa ba.

"Na ci amanar mutumin nan," haka yake cewa kullum. "Ba na son in tarar da Ubangijina da hakkinsa a wuyana. Duba min jawwal ɗinki, wayar nan taki, babban mutum ne, dole yana ciki."

To, na duba. Wallahi ban san haka mutanen nan suke ba. Ƙasarsu 'yar mitsitsiya, an taɓa yi musu kisan da ya watsa su duniya, amma duk inda suka faɗa sai sun yi fice. Bayan la'asar nakan zauna kusa da kunnensa na dama, don na hagun guduma ta gama da shi, ina karanta masa da ƙarfi. Ga mai zanen da ya shahara da zana teku. Ga mawaƙin da Faransawa suka riƙe kamar nasu. Ga attajirin man fetur da ya bar gidan tarihi, ga gwanin dara na duniya, ga wanda ya riƙe mulkin jiha a Amurka, ga masu ɗaukar hoto da suka cika Alƙahira da Halab.

Baba zai saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Masha Allah. Amma ba shi ba ne. Ci gaba."

Ranar nan raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Baba! Mutumin da ke da shago ɗaya a kasuwa, wa zai rubuta shi a nan?"

"Ke, rufe min baki," in ji shi. "Wannan mai zanen tekun naki, ya iya jan zinari ya koma kamar gashin kai?"

Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na ci gaba da dubawa.

Wata uku ina fama. Daga ƙarshe, a wani zauren intanet na 'yan Armeniyar da suka taɓa zama a Sudan, wata dattijuwa ta amsa min daga Ostireliya. 'Yar Kawaja ce. Mahaifinta ya daɗe da rasuwa, amma ta yarda ta yi magana da Baba.

Ranar kiran ya yi wanka, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya shafa turare, kamar matar za ta ji ƙamshin ta waya. Larabcinta na Khartum ne tsantsa. Baba ya faɗi sunansa, ya faɗi shekarar, ya faɗi kayan amaryar da ƙunar hannun. Ya ce yana roƙon a yafe masa.

Matar ta ce, cikin ladabi, ta tuna ƙunar sarai, ita ce ma take sa masa magani. Kayan amarya kuwa wani abokinsa ya ƙarasa. Amma yaran shago suna da yawa, wasu su zo wasu su tafi, kuma ba ta taɓa jin mahaifinta ya ambaci sunan Baba ba. In dai da abin yafewa, ta yafe.

Baba bai ji ba. Ya kamo hannuna ya ce, "Ya binti, 'yata, me ta ce? Me Kawaja ya faɗa a kaina?"

Ƙarya ta zo min har bakin harshe. Da zan ce masa Kawaja ya yi ta cigiyarsa, ko ya mutu yana yabon hannunsa, wa zai ƙaryata ni? Amma mutumin da ke shirin gamuwa da Allah, na kasa yi masa guzuri da ƙarya. Na sa bakina a kunnensa na faɗa masa duka, yadda ta faɗa.

Ni da na zaci zai ji sauƙi, sai na ga fuskarsa ta zube. Tausayinsa ya kama ni, na ji haushin kaina.

"Ko sau ɗaya?" ya tambaya.

"Ko sau ɗaya, Baba."

Ya saki hannuna a hankali. "Shekara hamsin ina jin tsoron fushinsa," ya ce. "Da ma ya zage ni."