Jar Motar Yaya Mumuni

A shekarar da ruwa ya cika masallacin unguwarmu har muka yi Juma'a biyu a bakin titi, a shekarar ne Yaya Mumuni ya rasu. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan. Allah ya jiƙansa.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya daɗe yana tuƙa wani Bature a tashar jirgin ruwa. Da Baturen zai koma gida, sai ya bar masa wata jar mota mai kujera biyu, wadda ake naɗe rufinta. Duk Zongon Lome babu irinta. Yana cikin ciwon ajali ya riƙe hannuna ya ce, "Sale, ko za ku sayar, kada ka bari a yanka ta."

Na riƙe amanar yadda na fahimce ta. Kowace Juma'a nakan ɗebo ruwan rijiyar gidanmu in wanke ta, in lulluɓe ta da tampol tun ba ta bushe ba. Shi da ruwan famfo na saye yake wanke ta, muna yi masa dariya wai ya mai da mota amarya.

Bara 'yarsa Rakiya ta sami makarantar ungozoma, magada suka ce a sayar da motar a biya mata kuɗin karatu. Masu sayar da kayan gyaran mota daga unguwar Bè suka yi ta zarya, ina sallamarsu da sai na yi shawara. Wata huɗu ban ji daɗin abinci ba. Daga baya aka haɗa ni da Fo Komla, wani dattijon makanike mai tayar da tsofaffin motoci. Ya zagaya ta, ya shafa, ya kwanta a ƙarƙashinta. Ina tsaye, sai na ga bakin sukudirebansa ya huda ƙasan motar ya ɓullo ta gaban kujerar direba.

Ya fito yana kakkaɓe riga. "Malam, a teku kuka ajiye ta?"

"A nan take. Duk mako ina wanke ta."

"Da wane ruwa?"

Na nuna rijiya. Ya kamfata, ya ɗanɗana, ya tofar.

"Wannan ai miya ake yi da shi! Ko wanda ya ƙera ta ya zo, ba zai tashe ta ba."

Ranar da nake kwashe tarkacen cikinta na ɗauki ƙaramin littafin da Yaya ke ajiyewa a aljihun gaban motar. Na sha goge masa ƙura, ban taɓa buɗewa ba, don a lokacin rubutu zane ne kawai a wurina. Yanzu shekara uku ina zuwa ajin manya. Na bi shafin farko da yatsa, harafi bayan harafi: "Ban da ruwan rijiya. Gishiri."

Ba don ni ya rubuta ba, ya san ba na karatu. Amma tun ranar nake tambayar kaina, da zai leƙo yau, me zai ce? Wataƙila ganin Rakiya cikin fararen kaya zai ishe shi, don bai taɓa fifita ƙarfe a kan 'ya'yansa ba. Wataƙila kuma ya dube ni kawai ya yi shiru, kamar yadda yakan yi in na ɓata masa abu. Shirun nan nake tsoro. Rakiya ta ce, "Baba ƙarami, mota ce fa." Na ce haka ne, amma ba ita ya riƙe wa hannu ba.

Masu kayan gyara suka zo ranar Talata da wutar walda, ni na buɗe musu ƙofa. Inji ɗaya, ƙofa biyu, kujera biyu, fitila huɗu, sitiyari da gilashin gaba suka tafi Bè. Gangar jikin kuwa, wani mai sayen tsoffin ƙarafa ya kwashe ta a sahu uku. Alkawari ɗaya Yaya ya bar mini, shi ma ya tafi.