Yogar da ta kusa kashe min aure

"Ni kike ja wa tsaki, Rabi?"

Muryar Inna ke nan, uwar mijina. Ta zo mana daga Baure a tsakiyar bazara, Daura kamar tanderu, ga ba wuta.

Ni kuwa a waya na ga wata mai koyar da yoga, irin motsa jikin nan na Indiyawa, ta ce in zafi ya ishe ka, ka haɗe haƙora ka zuƙi iska, jiki zai yi sanyi. Na tanƙwashe ƙafa a tabarma, ido rufe, ina ta zuƙa. Ashe daidai lokacin Inna ke cewa gishiri ya yi yawa a miyata!

Na yi maza na durƙusa a gabanta. "Wallahi Inna ba tsaki ba ne, yoga ce. Maganin zafi."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Koya min."

Na koya mata. Yanzu duk abincin da na ajiye, sai ta ɗanɗana, ta dube ni, ta ja dogon tsaki, ta ce, "Zafi nake ji, 'yata."

Jiya kwana aka yi ana ruwa, gari ya yi sanyi ƙalau, ba ta fasa ba.

Jama'a, yoga ce wannan ko ramuwa?