Ladan da Na Ba Kaina Ya Cinye Rumbun Gidanmu

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, ina jan wata tsohuwar a-kori-kura tsakanin Shinkafi da Ƙaura Namoda, ina ɗaukar wa 'yan kasuwa buhunan hatsi da albasa. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Badarawa. Tun da mahaifinmu ya rasu yayana ne ke riƙe da gandu, wato gona ɗaya muke nomawa, rumbu ɗaya muke ci. Da damina nakan ajiye mota in kama fartanya, da rani in koma hanya. Taba kuwa tun ina ɗan shekara goma sha tara nake shanta. A tasha na koya, inda ba a ɗaukarta a bakin komai, kuma har na kai kwali guda ba ya kai ni la'asar. Ban rubuto wannan don a tausaya mini ba. Na ga ana yawan ba masu son barin taba shawarar su riƙa yi wa kansu lada, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda tawa ta kasance.

Tari ne ya fara kai ni asibiti a Ƙaura. Malamin da ya duba ni ya saurari ƙirjina, ya tambaye ni kara nawa nake sha a rana, na rage rabi na faɗa masa, duk da haka sai da ya girgiza kai. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce makonnin farko su ne masu wuya, kuma rai kamar jaki yake, ba ya tafiya da sanda kaɗai, sai ana nuna masa dusa. Ya ce duk makon da na cika ban sha ba in yi wa kaina wani abin da nake so, kome ƙanƙantarsa, don zuciya ta san ba a banza take wahala ba. Maganar ta shige ni, domin ni mutum ne mai son a yaba masa, ko da ni zan yabi kaina.

Da na koma gida na shaida wa yayana na bar taba. Shi mutum ne mai ƙarancin magana, bai taɓa sa ko goro a baki ba, kuma ya daɗe da gajiya da yi mini faɗa. Ya dube ni ya ce ya ji. Bayan kwana biyu, a gaban dattawa biyu na unguwarmu, ya ce in na kai kaka ban sake sa taba a bakina ba, zai yanka mini gefen fadama ya zama gayaunata, wato gonar kaina wadda abin da ta ba da nawa ne ni kaɗai, ba na gandu ba. Shekara huɗu ina roƙon wannan wuri yana cewa ban isa riƙo ba tukuna. Ranar na gane ba ƙasar ce kawai ya ɗora a kan maganar ba. Yana so ya ga ko ƙanensa ya zama mutumin da za a ba amana.

Wata biyun farko na yi su da gaskiya, kuma na sha wuya. Kaina ya yi ta sara, na yi ta faɗa da fasinja a kan abin da bai kai ya kawo ba, hannuna kuma ya riƙa zuwa aljihu shi kaɗai. Shawarar malamin asibiti ta yi mini rana. Kowace Alhamis, in na gama lodi a kasuwar Shinkafi, sai in zauna wurin mai tsire in ci son raina, in bi da fura mai sanyi. Da na cika wata na sayi hula sabuwa. Da na cika biyu na sa aka gyara mini rediyon mota da ya shekara a mace. Tarin ya ragu, abinci ya dawo da ɗanɗanonsa, 'yan tasha suka koma kirana ustaz suna dariya, ni ma ina taya su.

Inda na kuskure shi ne ranar da tsiren ya gundure ni. Na zauna ina tunanin me zan ba kaina wannan makon, sai zuciya ta ce ai lada shi ne abin da mutum ya fi so, kuma duk duniya ba abin da na fi so irin kara ɗaya. Na yi wa kaina lissafi mai kyau ƙwarai. Wanda ke shan kwali a rana, in ya koma kara ɗaya a mako, ai ya bari. Ba sha nake yi ba, lada nake karɓa. Da wannan fatawa da na ba kaina na tsaya wurin wani mai tebur da bai san ni ba, na sayi kara ɗaya, na tsaya a hanya inda ba kowa na shanye, na tauna kanumfari na shiga gari. An ba kura ajiyar nama ke nan. Daga nan kowace Alhamis sai na karɓi ladana, kuma sannu a hankali dalilan lada suka yawaita. Mota ta hau tudu ba ta mutu ba, lada. An gama maimai, lada. Abin da ya canza kawai shi ne da a fili nake sha, yanzu kuwa sai na ɓuya, saboda gayauna tana kan abin da mutane suka gani.

Shekarar ba mu noma gonakin nesa ba saboda halin da daji yake ciki, na kusa da gari kawai muka iya, amma Allah ya sa musu albarka. Muka cika rumbu biyu na zana a bayan gida, ɗaya hatsi, wato gero, ɗaya dawa. Shi ne abincin mutum goma sha huɗu har wata kakar. Ranar wata Juma'a da hantsi muka jefa damin ƙarshe, muka ɗora jinka. Na yi wanka na sa kayan masallaci, sai na ji aikin nan ya cancanci lada na musamman. Ina da kara ɗaya a ɓoye cikin naɗin hula. Na zagaya bayan rumbu na tsuguna na kunna. Zuƙa uku na yi na ji takun yayana yana kiran sunana, wai in zo mu tafi kada mu rasa huɗuba. Ban sami sararin takewa ba. Na cilla guntun ƙarƙashin rumbu, inda ƙaiƙayi da karmami suka taru, na miƙe na tare shi ina gyara hula. Na hau bayan babur ɗinsa muka nufi Badarawa, ina ce wa kaina ai ya mutu da kansa.

Muna fitowa daga masallaci muka hango hayaƙi ta wajen ƙauyenmu. Duk mazan gari suna Juma'a, mata da tsofaffi ne kawai a gida, rijiya kuma da ɗan nisa. Kafin mu isa rumbun nan biyu sun zama tudun baƙin gawayi mai ƙamshin tumu. Allah ya taƙaita, wutar ba ta kama ɗakuna ba, ba wanda ya ƙone. Na tsaya cikin mutane ina salati tare da su, har da ni a masu tambayar daga ina wutar ta tashi.

Amsar ba ta yi wuyar samu ba. Matar yayana takan zubar da tokar murhu a jujin da ke kusa da rumbun, kuma sau biyu yana hana ta. Ranar ma ta zubar da safe. Ta rantse ta yayyafa wa tokar ruwa kafin ta fitar, amma wa zai saurare ta a gaban abincin shekara da ya zama toka? Yayana bai ɗaga murya ba. Ya ce ta haɗa kayanta ta tafi gidansu a Zurmi sai ya neme ta. Ta tafi da na goye, ta bar uku. Ni na ɗora mata akwatin a mota na kai ta tasha. A hanya ta yi mini godiya, ta roƙe ni in riƙa duba mata yaran. Na ce in sha Allahu.

Wata biyar na yi da maganar a ciki. Muka sayar da shanun huɗa, muka koma awon tiya a kasuwa kamar baƙi. A gari kuwa sunan matar nan ya koma wadda ta ƙone rumbu, har mata na yi wa 'ya'yansu kashedi da ita. Tun ranar gobarar ban sake shan taba ba, ba don sha'awar ta tafi ba, sai don in na ɗauki ashana hayaƙin rumbun nan nake gani. Mutane suka yi ta yaba mini, wai duk wannan tashin hankali bai mayar da ni ga taba ba. Wata rana muna dawowa daga awo yayana ya ce mini abu ɗaya ne ya faranta masa rai a wannan shekara, shi ne yadda na riƙe alkawari. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, amma na amsa da cewa ikon Allah ne. Ina tsoron rasa fadama, ina tsoron idonsa, kuma kullum ina gaya wa kaina zai huce ya dawo da ita ba sai na yi magana ba.

Da bazara ta kawo kai, ya kira dattawan nan biyu muka tafi fadama don ya cika alkawarinsa. Ya auna da ƙafa, ya fara dasa tushen gamba a kan iyaka, yana cewa daga nan zuwa can nawa ne, na ci halal. Ina riƙe masa da sauran gambar a hannu. Ban shirya ba, ban kuma san abin da ya buɗe mini baki ba, illa dai na ga ba zan iya cin tuwon gonar nan ba. Na faɗa masa komai a gabansu, tun daga karan farko na hanyar Shinkafi har wanda na cilla ƙarƙashin rumbu. Bai ɗago ba sai da ya gama danne tushen da ke hannunsa. Sannan ya yi mini tambaya ɗaya tak, ko ranar da na kai ta tasha na san haka. Na ce na sani. Ya ce to gobe in tafi Zurmi da ƙafata, in faɗa a gaban mahaifinta kamar yadda na faɗa a nan.

Na je. Tsohon ya saurare ni a zaure har na gama, ya sa aka kira ta. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni, da ma hakan ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi gobara ƙaddara ce, ta yafe. Sai ta ƙara da cewa ita har ta daina yarda da kanta, ta fara ganin ko ba ta sa wa tokar ruwa ba ne ta manta, kuma wata biyar ke nan kowace salla tana neman gafarar Allah a kan abincin marayu da tsofaffi da ta ƙone. Ta ce wannan ɗin ba ta san yadda ake yafe shi ba tukuna. Bayan mako ɗaya yayana ya je da kansa ya ba da haƙuri ya dawo da ita.

Fadamar kuwa ya ba ni, domin ya ce shi ba ya mayar da maganar da ya yi gaban shaidu. Amma ba a matsayin gayauna ba. Ya tara dangi ya raba gandun da mahaifinmu ya bari, ya ce kowa ya ci gashin kansa, fadama ta faɗo cikin rabona. Abin da na yi shekara huɗu ina roƙo ya zo hannuna ranar da aka daina noma tare da ni.

Yanzu shekara shida ban sha taba ba. Ba na zargin malamin asibiti, shawararsa gaskiya ce, kuma ita ta tsallakar da ni watannin da suka fi tsanani. Duk mai son bari ya yi wa kansa lada, rai yana bukatar hakan. Amma kada ya yarda abin da yake gudu ya zama shi ne ladan, ko kara ɗaya ne, ko zuƙa ɗaya. Na kuma lura ladan da ba za ka iya karɓa a gaban mutanen gidanku ba, ba lada ba ne. In kuwa ka zame, kamar yadda da yawa kan zame, ka faɗa tun abin yana ƙarami. Da na je na ce wa yayana na sha kara ɗaya, iyakarta ya ɗaga mini fadama zuwa baɗi. Ɓuyan ne ya kai ni bayan rumbu, shirun kuma ya fi wutar ɓarna.

Ni da yayana muna gaisawa, muna zuwa suna da jana'izar juna, ba wanda zai ce akwai wani abu. Gonarsa tana jikin tawa. Kowace damina ina hango shi yana noma shi da 'ya'yansa, wani lokaci aikin ya fi ƙarfinsu har ciyawa ta ci gefe, ni kuwa na gama nawa ina tsaye da fartanya. Har yau bai taɓa kirana in kama masa ko kunya ɗaya ba.