Lissafina a Jikin Sa

Shekarar da nake rubuta kundin digirina na uku, na koma gida Kpangalam, a Sokodé, don in samu natsuwa. Aikina a kan matiris ne, wato lambobi da ake jerawa gida-gida cikin murabba'i. Halinsu daban ne: in ka ninka ta farko da ta biyu, ba lallai ka samu abin da za ka samu in ka fara da ta biyun ba. Da su ake ƙera na'urar da ke riƙe jirgin sama kada iska ta karkatar da shi. Ni kuma na maƙale a kan wata tambaya, na cika bangon zaurenmu da alli, amsa ta ƙi fitowa.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, dillalin shanu ne a Dapaong. Ya sauka gidanmu, ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon. Ya ɗauki hoto da waya ya tafi.

Bayan wani lokaci sai ga kiransa. "Ɗana, ka zo maza. Aikinka ya kawo rigima."

Ɗan zemijan, mai haya da babur, ya sauke ni bakin kara, kasuwar shanun Dapaong. Sa na farko da na gani, matiris ɗina biyu ne zane a haƙarƙarinsa da shuɗin fenti. Na biyu ma haka. Ashe Kawu ya ɗauka hatimi ne, ya sa an rubuta wa wani sansa mai tunkuyi, san ya lafa, labari ya bazu.

Na ce, "Kawu, wannan ba hatimi ba ne. Lissafin riƙe jirgin sama ne."

Ya juya wajen dillalai. "Kun ji ko? Jirgi ma yake riƙewa, balle sa!"

Rigimar kuwa ita ce, wani makiyayi daga Gando ya kwafa, sansa ya ƙara hauka, har ya kifar da teburin mai koko. Kawu ya ce mutumin ne ya sa ta dama a hagu, ta hagu a dama. Makiyayin ya ce ai duk ɗaya ne. Aka zuba mini ido.

"Malam, ɗaya ne ko ba ɗaya ba?"

Ba zan iya ƙarya a kan wannan ba. Na ce ba ɗaya ba ne. Kara ta ɗauki kabbara. Makiyayin ya sunkuyar da kai, ya ba Kawu haƙuri, ya ce yau ɗin nan zai rabu da san.

Aka jawo shi in gani. Ban da juya tsarin, mutumin ya mai da wani bakwai ɗaya, ya bar wani gida babu komai. Na ƙura wa rubutun ido. Waɗannan lambobin sun yi kama da misalin da nake nema, wanda zai nuna hasashen da nake ta son tabbatarwa ba gaskiya ba ne. Na matsa in karanta, san ya juya mini ɗaya gefen. Na zaga, ya sake juyawa. Jama'a suka ja da baya, suna cewa a bar malam ya yi aikinsa.

Kafin in gama layi na biyu an sayar da shi, ana tura shi cikin kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa Lomé. Na bi shi na hau motar. Na tsuguna tsakanin ƙahoni, ina kwafa a hannun rigata duk lokacin da mota ta daina tsalle. Wajen garin Kara na gama ninkawa, misalin ya tsaya daram.

Direba ya sauke ni a bakin titi a Sokodé, kashin shanu har gwiwa. Mahaifiyata ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce in tuɓe a waje. Na ce ta wanke komai, amma ban da rigar.

Da malamin da ke duba kundina ya tambayi inda na samo misalin, na ce wani abokin aiki ne daga Gando. Ya ce lallai in gayyato shi ya gabatar da lacca.